Yadda A Ke Kiyaye Tayoyin Tarakta Da Amalanke Da Mota In Za Su Daɗe A Tsaye

Ga shi kaka ta wuce, an yi sussuka, an kai amfanin gona rumbu ko kasuwa. Yanzu ne manomi ya ke jingine kayan aikinsa. Taraktar da ta yi huɗa tun farkon damina, ta kuma yi jigilar dammunan dawa da buhunan masara, za a kai ta bayan gida a ajiye, watakila ba mai sake taɓa ta sai watan Mayu, in hadari ya fara haɗowa. Wata biyar ke nan ko shida tana tsaye wuri ɗaya.

Ba tarakta kaɗai ke irin wannan tsayuwa ba. Amalanken shanu ya kan yi aiki da kaka da rani, wajen kwaso amfani da kai taki gona, amma da damina ta kankama, shanu suka shiga huɗa, sai a yar da shi a kofar gida. Haka kuma babbar motar ɗan kasuwa mai shiga ƙauyuka sayen hatsi da gyaɗa da auduga, ta kan yi zaman jiran kaka in hanyoyin daji suka ɓaci da ruwa. Ko wanne da lokacin hutunsa.

Mutane da yawa suna tsammanin tafiya ce kaɗai ke cin taya, in an ajiye abin hawa to tayoyinsa ma suna hutawa. Ba haka abin ya ke ba. Tafiya tana cin zanen taya, amma tsayuwa tana cin jikinta. Sau da yawa a kan ga tayar tarakta haƙoranta ko rabi ba su ci ba, amma gefenta ya tsattsage kamar faso a dunduniya, ba ta da sauran amfani. Mai ita ya biya kuɗin taya sukutum, ya mori rabi.

Asarar kuwa ba ƙarama ba ce. Kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina yin taya a Ikeja a 2008. Tun daga nan galibin tayoyin da a ke sawa a Nijeriya daga ƙasashen waje a ke shigo da su, kuɗinsu yana bin kuɗin ƙetare. Tayar baya guda ta tarakta ta kan ci buhunan hatsi masu yawa. Bayan kuɗin kuma ga lokaci. In taya ta fashe a makon da ruwan shuka ya sauka, kafin a samo wata daga birni danshi ya tafi, maƙwabta sun yi shuka sun bar mutum yana jira.

A Amurka da ƙasashen Turai akwai wata irin mota mai ɗaki a ciki, da gado da wurin dafa abinci, wadda iyali su ke yawon hutu da ita. Ta kan yi tafiyar 'yan makonni a shekara, sauran watanni tana tsaye a tsakar gida. Masu yin taya sun lura tayoyin irin wannan mota tsufa ke kashe su tun zanensu bai suɗe ba, don haka suka tsara wa masu ita ka'idodin ajiya. Ka'idodin nan su ne daidai da abin da tarakta da amalanke su ke bukata, sai dai rana ta fi zafi a ƙasar Hausa, watau bukatar ta fi ƙarfi.

ABIN DA KE CIKIN TAYA

Kafin a gane maganin, sai a san yadda taya ta ke. Roba asalinta ƙaron wani itace ne, irin wanda a ke nomawa a kudancin Nijeriya, wajen Edo da Delta da Kuros Riba. Akwai kuma robar da a ke haɗawa daga man fetur. Ɗanyar roba ba ta jure zafi, ta kan yi danƙo. A 1839 ne wani mutumin Amurka, Charles Goodyear, ya gano in an dafa ta da farar wuta ta kan yi ƙarfi ta riƙe siffarta. A 1888 John Boyd Dunlop ya yi wa keken ɗansa taya mai iska a birnin Belfast. Tarakta kuwa da ƙafafun ƙarfe ta fara, sai a 1932 aka soma sayar da ita da tayoyin iska a Amurka.

Taya ba roba zalla ba ce. A cikinta akwai zare mai ƙarfi da aka shimfiɗa hawa hawa, a wasu kuma har da wayoyin ƙarfe a ƙarƙashin zanen. Zaren nan da wayar su ne ƙashin taya, roba fata ce da ke rufe su. Abin da ke ɗauke da kaya kuwa iskar da ke ciki ce. Aikin taya ta riƙe iskar.

Masu yin taya su kan zuba wa robar baƙin gari irin na kunkunniya, shi ya sa ta ke baƙa, shi ne kuma ke ƙara mata ƙarfi da jure hasken rana. Su kan zuba kakin zuma na masana'anta da wasu magunguna masu hana tsagewa. Magungunan nan suna cikin jikin robar. Sa'ad da taya ke juyawa, tana lanƙwasa tana miƙewa, tana ɗan ɗumi, sai su riƙa tsattsafowa waje suna shafe fatarta. In ta tsaya, tsattsafowar ta ragu ƙwarai, wanda ke waje rana da iska su cinye shi, fatar ta zauna ba kariya. Wannan shi ne dalilin da ya sa tayar da ke aiki kullum ta kan fi wadda aka ajiye kyan jiki.

ABOKAN GABAN TAYA

Na fari, rana. A cikin hasken rana akwai wani sashi da ido ba ya gani, shi ne ke koɗar da launin tufafi, shi ne kuma ke ƙona fatar roba ta bushe. Ga kuma zafi. A Kano da Sakkwato da Maiduguri zafin watan Afrilu ya kan kai digiri 40 a inuwa, baƙar taya da ke cikin rana kuwa ta fi haka nesa. Zafi yana gaggauta tsufan roba. Wanda ya duba tarakta da ta shekara a fili zai ga tayoyin ɓangaren da rana ke duka sun fi na ɗaya ɓangaren tsagewa.

Na biyu, wata iska da masana ke kira ozon. Akwai ta kaɗan a cikin iskar da a ke shaƙa, amma ta fi yawa kusa da inda lantarki ke tartsatsi, kamar wurin mai walda, ko ɗakin janareta, ko injin niƙa mai aiki da lantarki. Ozon ta fi cin roba a inda ta ke a miƙe, watau daidai inda gefen taya ya bultso saboda nauyi.

Na uku, nauyi a wuri ɗaya. Tayar da ke tafiya, ko wane sashi nata yana karɓar nauyi ya miƙa wa na gaba. Wadda ke tsaye kuwa, tafin hannu guda ne ke ɗauke da kayan dare da rana. Wurin ya kan baje, zaren ciki ya saba da lanƙwasa. In tsayuwar 'yan kwanaki ce, da an yi tafiya kaɗan taya ta yi ɗumi sai ta koma daidai. In ta watanni ce, balle da kaya a kai, bajewar ta kan zauna, a riƙa jin mota tana tsalle tana girgiza.

Na huɗu, raguwar iska. Ko taya ba ta da huji, iska tana sulalewa ta cikin robar kanta a hankali. A awon gejin masu faci, tayar mota ta kan rasa lamba 1 ko 2 a wata. Misali, in an ajiye tayar amalanke da iska 35, tana rasa 2 ko wane wata, bayan wata 6 saura 23, watau kashi ɗaya cikin uku ya tafi. In bawul yana yoyo kuwa, kafin nan ta kwanta. Tayar da ta kwanta, bakin wili ya danne gefenta ya ninke shi, zaren wurin ya karye. Ko an sake hura ta ta tashi, karayar tana nan ciki.

Na biyar, danshi da mai. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In fatar taya ta tsage, ko ƙaya ko kututture ya yanke ta, ruwa ya kan bi ta nan ya kai ga waya, waya ta yi tsatsa, ta rabu da roba. Tayar da ta yi damina a cikin taɓo, ko a turken shanu cikin fitsari da kashi, wilinta ma tsatsa ke ci. Fetur da gas da kananzir da baƙin mai da giris kuwa, su kan jiƙa roba ta kumbura ta yi laushi, ba ta kuma komawa yadda ta ke.

SHIRIN AJIYA

Aikin da zai kare taya daga waɗannan abubuwa bai wuce na yini guda ba, kayan aikinsa kuma galibi akwai su a ƙauye.

Da fari a sauke kaya duka. Kada a bar buhunan taki ko na hatsi a kan tirela ko amalanke da sunan rumbu ne. Garma ko haro da ke rataye a bayan tarakta, a sauke su ƙasa su zauna a kan itace, kada nauyinsu ya kwana a kan tayoyin baya.

Sa'an nan a wanke tayoyin da ruwa da sabulu, a cire taɓo da tsakuwa da ƙayoyin da suka maƙale, a bar su su bushe sarai. Wankin ne zai nuna inda yanka ya ke ko ƙusa. In an ga ƙusa, a kai wa mai faci tun yanzu, kada a ce sai damina. Wasu su kan shafa wa taya baƙin mai ko gas wai don ta yi sheƙi kada ta bushe. Wannan kuskure ne babba, man ya kan narkar da kakin da ke kare ta ne. Ruwa da sabulu sun isa.

Bayan haka a zaɓi wuri. Wanda ya fi kyau shi ne rumfa mai inuwa, mai busasshiyar ƙasa, inda ruwa ba ya kwanciya. Ba lalle sai ta kwano ba, rumfar kara ko ta zana ma ta yi, ta ma fi sanyi. A nisanci wurin walda da janareta da inda a ke ajiye duro na mai. A nisanci turke da juji. A share ciyawa da karmami kewaye da wurin, gama da hunturu gobara ba ta da wuya, taya kuwa in ta kama wuta kashe ta sai an sha wahala.

ƊAGE NAUYI DAGA KAN TAYA

In abin hawa zai yi wata uku ko fiye a tsaye, abin da ya fi shi ne a ɗage shi, tayoyin su bar ƙasa. A sa jak a ɗaga aksul, watau ƙarfen da tayoyi biyu ke juyawa a kansa, a jera guntayen itace masu kauri a ƙarƙashinsa, a sauke shi a kansu a hankali, har ya zama tsakanin taya da ƙasa akwai kamar inci guda. Amalanke ba ya bukatar jak, mutum biyu ko uku sun ɗaga shi.

A nan akwai abubuwan lura, domin rai ya fi taya. Ƙasar ta zama shimfiɗaɗɗiya mai tauri. Kafin a ɗaga ɓangare guda, a sa weji gaba da bayan tayoyin da ke ƙasa. Kada a bar nauyi a kan jak shi kaɗai, ko na sa'a guda, kada kuma kowa ya shiga ƙarƙashi sai itacen ya karɓi nauyin. Bulon siminti mai rami ba abin dogara ba ne, ya kan farfashe ba tare da ya ba da alama ba. Itace mai tauri a ke so, kamar ƙirya ko maɗaci, a kwantar da shi a faɗinsa. A sa faffaɗan dutse a ƙarƙashinsa saboda gara, a kuma riƙa dubawa. A gargaɗi yara kada su mai da wurin filin wasa.

Tayar da aka ɗage ba ta bukatar cikakkiyar iska. A iya rage ta, a bar abin da zai riƙe siffarta, kada dai a sace ta duka. Wanda ya rage, ya rubuta da alli a jikin abin hawan, kada wani ya sauke shi ya ja bai sani ba.

IN BA HALIN ƊAGEWA

Babbar mota ko babbar tarakta ba kullum a ke samun jak da itacen da za su ɗauke ta ba. In haka ne, sai a yi abu huɗu.

Na ɗaya, a shimfiɗa katako a hau da ko wace taya kansa, don a raba ta da danshin ƙasa. Katakon ya fi tayar faɗi, ya kuma fi inda ta taka tsawo. In ya kasa, gefen taya ya rataya a bakinsa, zaren wurin zai wahala, gara ma ba a sa ba. Inda tayoyi biyu ke haɗe a baya, katakon ya ɗauki duka biyun.

Na biyu, a cika iska. A jikin ko wace taya an rubuta iyakar iskar da za ta ɗauka. Don ajiya a iya ƙara iska bisa ta aiki, amma kada a wuce wannan iyaka. Iskar aiki kuwa tana cikin littafin da ya zo da abin hawan. Tayoyin bayan tarakta iskarsu kaɗan ce in an gwada da ta mota, galibi tsakanin 12 da 20, saboda haka kada a yi musu awon babbar mota.

Na uku, a auna iskar ko wane wata da geji. Bugun taya da ƙafa ko da sanda ba awo ba ne, taya mai waya ta kan rasa iska da yawa ido bai gane ba. Da safe a ke awo, kafin rana ta duki tayar, domin zafi yana ƙara lambar, sanyi yana rage ta, kamar lamba 1 ga ko wane digiri 5 ko 6. A tabbata ko wane bawul yana da murfinsa, don ƙurar hunturu kada ta shiga ta hana shi rufuwa. In a na shakkar bawul, a ɗiga masa ruwan sabulu, in ya yi kumfa yana yoyo. Tayar tarakta da aka ɗura wa ruwa don ƙarin nauyi, sai a juyo bawul ɗinta sama kafin a auna, kada ruwa ya ɓata gejin.

Na huɗu, a motsa abin hawan. Sau ɗaya a wata ya fi, in ya gagara kada a wuce wata uku. In da hali a yi 'yar tafiya da shi har tayoyin su yi ɗumi, don maganin cikin roba ya tsattsafo. In ba mai, ko turawa aka yi taya ta juya kashi ɗaya cikin huɗu, an sauya wurin da ke ɗauke da nauyi. A ja layi da alli a inda ta taka ƙasa, don a san an sauya. Wajen tsayarwa kuma weji ya fi birkin hannu, gama birkin da ya daɗe a ɗaure ya kan manne.

RUFE TAYA

In ba rumfa, dole abin hawa ya zauna a fili, to, a yi wa tayoyin inuwa. Tsohuwar tabarma, ko zana, ko buhun algarara, ko guntun tamfol, duk suna yi, muddin haske ba ya ratsa su. Mai farin launi ya fi, don ba ya tara zafi. A ɗaure shi da igiya kada iska ta kwashe, a bar ƙasansa a sake don iska ta riƙa shiga. Baƙar leda da aka naɗe tam ba ta da kyau a rana, ta kan tara zafi da gumi, wili ya yi tsatsa. A tuna da tayar safiya da ke rataye a bayan mota ko a ƙarƙashinta, ita ce ta fi kowace daɗewa ba ta juya ba, ita ce kuma a ke dogara da ita ranar wahala.

A riƙa ɗaga rufin lokaci lokaci a duba, saboda ɓera da gara da maciji suna son irin wannan wuri.

TAYOYIN DA AKA CIRE

Wasu su kan kwance tayoyin amalanke ko na tirela su shigar ɗaki saboda ɓarayi. Wannan dabara ce mai kyau, in ɗakin yana da sanyi da duhu, ba kuma a ajiye mai ko maganin feshi a ciki. Tayar da ke kan wilinta a kwantar da ita a kan katako, a iya ɗora wata a kai. Wadda ba ta da wili a tsai da ita a jingine, a riƙa juya ta ko wane wata. Kada a rataye ta a ƙusa, kada kuma a ɗora mata kaya, bakinta zai karkace ya ƙi kama wili. Tif kuwa a hura masa 'yar iska, a shafa masa hoda, a ajiye shi inda ba haske. In an ninke shi ya daɗe, a kan layin ninkin zai tsage.

Tsohuwar tayar da aka yar a tsakar gida ma abin lura ce. Da damina ta kan tara ruwa, sauron da ke kawo ciwon shawara kuwa a irin wannan ruwa ya ke ƙyanƙyasa. A huda ta, ko a cika ta da ƙasa, ko a shigar da ita inda ruwa ba ya taɓa ta.

RANAR KOMAWA AIKI

Kada a jira sai ruwan shuka ya sauka. Tun watan Afrilu ya kamata mai tarakta ya duba tayoyinsa, don in akwai ta canji ya sami sukunin nema. Mai mota da mai amalanke kuma su duba tun kafin dawa ta nuna.

A mai da iska daidai da awon aiki kafin a sauke abin hawa daga kan itace. A bi ko wace taya da ido da hannu, ciki da waje. Ƙananan tsaga na fata, marasa zurfi, alamar tsufa ce ta fara, a sa ido a kansu. Amma in tsagar ta yi zurfi har a na hango zare ko waya, ko an ga kumburi kamar ƙurji a gefe, wannan taya ta gama aiki a kan titi. Kumburi alama ce zaren ciki ya tsinke, faci ba ya maganinsa. Tayar da aka tarar ta kwanta, kada a ja abin hawa a kanta ko taku goma. A cire ta a kai wa mai faci ya buɗe ya duba cikinta.

Wajen hura babbar taya, mutum ya tsaya daga gefen zanenta, kada ya fuskanci wili, kada kuma ya zauna a kanta. Wilin babbar mota mai zobe, in zoben bai zauna daidai ba ya kan fincike da ƙarfin da zai kashe mutum. Wannan aikin gwanaye ne. Bayan an sauke, a ƙara ɗaure notocin wili, a fara tafiya a hankali ba kaya, a saurara ko akwai girgiza.

SANIN SHEKARUN TAYA

Ko an kiyaye duk waɗannan, roba tana tsufa. A gefen tayar mota akwai rubutu da ya fara da haruffan DOT, a ƙarshensa akwai lambobi huɗu. Biyun fari mako ne, biyun ƙarshe shekara. In an ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Tun shekarar 2000 a ke rubuta su huɗu. Wadda aka ga lambobinta uku, an yi ta kafin 2000, ba ta da wurin zama a ƙarƙashin mota. Kamfanin Michelin ya ba da shawara in taya ta shekara 5 a na aiki da ita a riƙa kai ta ga masani ya duba ko wace shekara, in ta cika 10 daga ranar da aka yi ta a canja ta ko da zanenta yana da kyau. Wasu kamfanonin mota shekara 6 su ke faɗa.

Ɗan kasuwa mai sayen tayar gwanjo, da akawun da ke sayen kaya don ƙungiyar manoma, su duba wannan lamba kafin su biya. Tayar da ta yi shekaru a tsaye a wata ƙasa, zanenta zai yi kyau a ido, amma ta riga ta tsufa. In dole sai an yi aiki da tsohuwar taya, wurinta amalanke ne mai tafiyar shanu, ba gaban motar da ke gudu da mutane a kan kwalta mai zafi ba.

Akawun da ke riƙe da littafin kayan ƙungiya zai taimaka ƙwarai in ya buɗe shafi don tayoyi: lambar shekarar ko wace taya, ranar da aka ajiye abin hawa, iskar da aka sa, da ranar da aka auna ko aka motsa shi. Abin da aka rubuta ba ya ɓacewa in direba ya tafi cin rani.

To, rigakafi dai ya fi magani. Sabulu, da guntayen ƙirya, da tsohuwar tabarma, da geji guda da maƙwabta za su iya haɗa kuɗi su saya, su ne duk abin da a ke bukata. Manomin da ya ba da yini guda a wannan mako, ya kuma riƙa leƙa tayoyinsa sau ɗaya a wata, in Allah ya kai rai damina zai shiga gona ran da maƙwabtansa suka shiga.